Dengi ya ɓulla a Sakkwato a 2023, mu a ƙananan asibitoci da me za mu gane shi?

Nas_Balki:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga masu sa ido kan cututtuka ce da masu duba-gari. A watan Nuwamban 2023 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da ɓullar zazzaɓin dengi a jihar Sakkwato: mutum 71 ake zargi, gwaji ya tabbatar da 13, ba a samu rasuwa ba, a ƙananan hukumomin Sakkwato ta Kudu, Wamakko da Dange Shuni. To ƙaramin asibitin unguwa wanda ba shi da komai sai tsinken gwajin maleriya, ta yaya zai gane dengi ya shigo? Sannan ni a ganina, tunda ana raba gidan sauro ana kuma yashe kwata, rigakafin maleriya ya haɗa har da wannan. Ko akwai abin da ya kuɓuce mana?

DubaGari_Tsoho:
Wa alaikumus salam 'yata. Sauron ne ba ɗaya ba. Na maleriya da dare yake fita, shi ya sa gidan sauro ke tare shi. Wanda ke cika kwata, mai kuka a kunne, wani ne daban, ƙazamin ruwa yake so. Na dengi, Aedes aegypti, baƙi ne ƙarami mai zanen fari a ƙafafu da baya, kuma da rana yake cizo: daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar zuwa magariba. A lokacin nan yara na makaranta ko islamiyya, mata na tsakar gida, maza na kasuwa. Wa ke cikin gidan sauro?

Ruwan da yake hayayyafa a ciki kuma shi ne wanda muke taƙama da tsaftarsa. Randa, duro, jarkar da aka bari buɗe, tankin sama mai tsagaggen murfi, kaskon ruwan kaji, tsohuwar taya. Macen ba a kan ruwa take zuba ƙwai ba, a jikin mazubin take liƙa shi daga ciki, sama kaɗan da inda ruwa ya tsaya. Ƙwan yana iya bushewa ya yi watanni bai mutu ba. Ranar da ɗan garuwa ya cika duron, ruwa ya rufe shi, sai ya ƙyanƙyashe. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne in da zafi. Sai a yashe kwatar unguwa tas, shi yana can yana haihuwa a bayan madafi.

Bakatsine_77:
Ke nan tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata irin ta Kano ba ta da amfani a nan, Baba?

DubaGari_Tsoho:
Tana kwashe gwangwani da roba, ba a rena wannan. Amma tazarar ta yi yawa. Tsakanin Asabar ɗin da mai zuwa sauron ya yi zuriya uku. Aikin mako-mako ne.

LikitanYara_KD:
Bari in amsa kashin farko na tambayar Nas Balki. A kwana biyun farko babu idon da zai raba dengi da maleriya. Abin da zai sa ki yi zargi shi ne zazzaɓi mai zafi da ya faɗo farat ɗaya, yakan kai maki 40, gwajin maleriya bai nuna komai ba, ga kuma biyu ko fiye daga cikin waɗannan: ciwon kai mai tsanani, ciwo a bayan ƙwayar ido musamman in an juya ta, ciwon gaɓoɓi da tsoka, tashin zuciya ko amai, ƙuraje. A baƙar fata ƙurajen ba su cika fitowa sarari ba, a duba cikin dantse, tafin hannu, dasashi da cikin fatar ido.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A auna hawan jini, a hura madaurin ya tsaya a tsakiyar lambar sama da ta ƙasa, a bar shi minti 5, a sauke. A ƙirga jajayen ɗigo a fili mai faɗin santimita 2.5 kowane gefe a gaban gwiwar hannu. Goma ko fiye yana ƙarfafa zargi. In bai fito ba, ba yana nufin babu dengi ba ne.

Babbar alama kuma ba a jikin mutum ɗaya take ba. Mutum uku daga gida ɗaya ko layi ɗaya cikin mako guda, manya da yara, duk maleriya ba ta nuna ba, wannan abin bugawa waya ne. Sauron nan matsoraci ne, da an motsa ya tashi ya koma kan na kusa, shi ya sa yake zubar da 'yan gida tare.

Ɗan_Lab_Gusau:
Ƙari a kan na Likita. Abin da ya fi lalata sakamako shi ne rashin rubuta ranar da zazzaɓi ya fara, domin ita ke faɗa mana gwajin da za a yi.

Kwana 1 zuwa 5 ƙwayar cutar tana cikin jini, a nan ake yin NS1 ko PCR, gwaje-gwajen da ke neman alamar ƙwayar kanta. PCR ne kaɗai zai faɗi wane iri ne daga cikin ire-iren ƙwayar dengi huɗu, kuma sanin irin yana da muhimmanci. Daga kwana na 5 ƙwayar ta fara ɓacewa, sai a koma IgM, gwajin garkuwar da jiki ya fitar don yaƙar ta. Wanda aka yi wa IgM a kwana na 2 zai fito babu ko da yana ɗauke da cutar, sai a sallame shi a ce ba dengi ba ne. Sannan IgM da ɗan uwansa IgG suna ruɗewa da 'yan uwan dengi: zazzaɓin shawara, Zika, da ma allurar shawara in kwanan nan aka yi ta. Don haka a rubuta ranar allurar a fom.

Ɗaukar jini: mil 5 ga babba a kwalba marar magani, a bar shi ya daskare, a juya a inji ko a jira ya kwanta, a zuƙe ruwan saman zuwa wata kwalba mai murfin murɗawa. A ajiye tsakanin maki 2 da 8 in zai tafi cikin kwana biyu, in zai wuce haka a sa a firiza. Kada a daskarar da jinin da ba a raba ba, jajayen ƙwayoyin fashewa suke yi, samfurin ya tashi aiki. Kada kuma a daskarar a narkar a sake daskararwa, wanda shi ne ainihin abin da ɗauke wuta ke yi wa samfuri ba tare da kowa ya lura ba. Kwalba cikin leda mai auduga, leda cikin gwangwani mai murfi, gwangwani cikin kula mai ƙanƙara. Fom a ledarsa daban, kada ya jiƙe.

MaiKemis_Tudunwada:
Likita, mu a kemis mai ciwon jiki irin wannan diclofenac ko ibuprofen yake nema, wani ma ya ce allura yake so. In maleriya ba ta nuna ba sai a tura shi gwajin Widal, ya dawo da takardar taifod. Mene ne gyaran?

LikitanYara_KD:
Malam, ka taɓo inda ake asarar rai. Diclofenac, ibuprofen da asfirin duk suna ƙara haɗarin zubar jini, ga mai dengi kuwa ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun riga sun ragu. Allurar tsoka ma a guje ta, wurin yana iya tara jini. Farasitamol kawai: babba kada ya wuce giram 4 a yini, yaro miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo duk awa 6. A lura da haɗe-haɗen maganin mura, da yawansu akwai farasitamol a ciki, sai a ninka ba a sani ba, hanta kuwa dama cutar ta taɓa ta. Widal guda ɗaya ba hujja ba ne a ƙasar da mutane da yawa suka taɓa haɗuwa da ƙwayar taifod. Shi ne babban mayafin da dengi ke ɓuya a ciki.

Abin da iyali ba su sani ba: lokacin haɗari shi ne sa'ad da zazzaɓin ya sauka, tsakanin kwana na 3 da na 7. A nan ruwan jini ke zurarewa daga jijiyoyi, awa 24 zuwa 48. Jiki ya yi sanyi, a ce alhamdulillahi ya samu sauƙi, alhali lokacin haɗarin ya shiga. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba tsayawa, jini a dasashi ko hanci, baƙin bayan gida, kasala ko rashin natsuwa, sanyin hannu da ƙafa, ƙarancin fitsari. Ɗaya daga ciki, asibiti kai tsaye.

Ga ma'aikata: a auna PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a jini, tun ranar farko don a samu abin kwatantawa. Ya hau da kashi 20 cikin ɗari, ruwa na zurarewa. Tazarar lambar sama da ta ƙasa ta hawan jini ta matse zuwa 20 ko ƙasa, jini ya fara gaza zagayawa ko da mutum na magana. Mai alamun gargaɗi ana fara masa ƙarin ruwan gishiri ko Ringer mil 5 zuwa 7 a kilo a awa na awa ɗaya zuwa biyu, a sauko 3 zuwa 5, sannan 2 zuwa 3, ana bin fitsari da PCV. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin ruwa yana ta zuba bayan awa 48. Wanda ya zurare yana komawa jijiya da kansa, ƙarin sai ya tafi huhu.

SaIdo_Ƙaramar_Hukuma:
Nas Balki, ba sai kin tabbatar ba kafin ki kai rahoto. Zargi ake kaiwa, cikin awa 24, ga jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, wanda muke kira DSNO. Fom ɗin IDSR 001A na mutum ɗaya ne, 001B ke raka samfuri, 001C jerin sunaye ne in sun yi yawa. Shi zai shigar a manhajar SORMAS, jiha ta gani, Abuja ta gani. In an rasa shi akwai layin NCDC na kyauta, 6232.

Adireshi ne ciwon kanmu. A rubuta "Sabon Gari" kawai, wa zai nemo gidan? A sa sunan mai unguwa, masallaci ko makarantar da ke kusa, da inda mutum ke yini. Tunda cizon na rana ne, tela ko bakanike ya fi yiwuwa a shagonsa ya kamu, ba a ɗakin kwanansa ba.

Sai aikin da kowane asibiti zai iya da biro da takarda. Duk ƙarshen mako a ƙirga masu zazzaɓin da aka gwada, a ware waɗanda maleriya ba ta nuna ba, a ɗiga a jadawali a bango. Inda ake da lissafin shekarun baya, a kwatanta da makon da ya yi daidai da shi. Layin ya tashi makonni biyu a jere, a yi magana.

Dalilin gaggawar lissafi ne. Sauron da ya ciji mai cuta yana ɗaukar kwana 8 zuwa 12 kafin ya iya harba wa wani. Wanda aka harba kuma kwana 4 zuwa 10 kafin ya kwanta. Wato tsakanin rukunin farko da na biyu kimanin mako biyu zuwa uku ne. In aka ce sai sakamako ya dawo daga babban ɗakin gwaji na Gaduwa a Abuja za a taɓa randar kowa, rukuni na biyu sun riga sun kamu. A fara binciken gidaje ranar da aka ɗauki jini.

Nas_Balki:
Na gode Yallaɓai. To in mutum ya zo da zazzaɓi da jini a hanci, a lokacin rani, ba Lassa za mu fara tunani ba?

SaIdo_Ƙaramar_Hukuma:
Ita za ki fara tunani, kuma ki kare kanki kamar ita ce: safar hannu, takunkumi, keɓe marar lafiya, kada a juya jininsa a injin ƙaramin asibiti. Dengi ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum ta taɓawa, Lassa tana yi. A bar ɗakin gwaji ya raba. In kuma ido ya yi rawaya cikin kwana 14 da fara zazzaɓi, wannan zargin shawara ne, kuma mutum ɗaya da aka tabbatar ya isa a ce annoba. Ku tuna annobar shawara ta Alkaleri a jihar Bauchi a 2019, kewayen dajin Yankari. Sauron da ke yaɗa dengi a gari shi ne ke iya yaɗa shawara in ta shigo gari daga daji.

Issoufou_Maradi:
Sannunku da ƙoƙari. Ku duba abin da ke kewaye da mu, domin sauro bai san iyaka ba, motocin haya ma haka. A 2023 Burkina Faso ta lissafa sama da mutum 150,000 da ake zargi, rasuwa kusan 700, galibi a Wagadugu da Bobo Julaso. A watan Agustan shekarar Chadi ta ayyana ɓullarsa a Abeshe. Gana ta tabbatar da nata a yankin Gabas a Yulin 2024. Sudan kuwa Gadarif da Kasala sun daɗe suna fama. Mu a Nijar samfuri sai ya je cibiyar gwaji ta CERMES a Yamai, tafiyar ba kusa ba ce daga nan, kula da ƙanƙara su ne rabin aikin. Shawarata a ƙara tambaya ɗaya a kowane fom: ina ka je cikin makonni biyun da suka wuce? Direba ko ɗan kasuwa yana iya shigowa da ƙwayar a jininsa yana tafiya da ƙafarsa, domin mafi yawan masu kamuwa ba su kwanciya.

Bakatsine_77:
Ke nan shigo mana da shi aka yi?

Malamar_Ƙwari:
Ba lallai ba. A Ibadan an ware ƙwayar dengi daga jinin marasa lafiya tun shekarun 1960. Sauron ma ɗan asalin Afirka ne, jiragen ruwa suka kai shi sauran duniya. Ɗan uwansa Aedes albopictus, mai layin fari guda a baya, shi ne baƙo, an fara ganinsa a Najeriya a 1991 a jihar Delta. Abin da ya ƙaru shi ne cunkoson birane, ajiyar ruwa saboda famfo ba ya zuwa, da tayoyi. Abin da bai ƙaru ba shi ne gwaji.

Tunda SaIdo ya ce a fara binciken gidaje, ga yadda ake yi. Kayan aiki: tocila, ludayi fari, bututun zuƙo, ƙananan kwalabe, alli, fom. A fara daga gidan marar lafiya, a bi duk gidajen da ke cikin mita 100 aƙalla, tunda sauron ba ya nisa da inda aka haife shi, da wuya ya wuce mita 400. A kowane gida a ƙirga duk mazubi mai ruwa, a haska. Tsutsar sauron maleriya kwance take a saman ruwa. Ta dengi tana rataye kai ƙasa, da haske ya taɓa ta sai ta nutse tana lanƙwasa, ta daɗe a ƙasa. Wanda ya leƙa da gaggawa zai ce babu. A jira minti ɗaya.

Lissafi uku ake fitarwa: gidaje nawa cikin ɗari ke da tsutsa, mazubai nawa cikin ɗari, da mazubai masu tsutsa nawa a kowane gida ɗari, wanda ake kira ma'aunin Breteau. A rubuta irin mazubin ma. Cibiyar binciken ƙwari da ke Enugu ita ce ta ƙasa a wannan fanni, ana iya tura samfurin tsutsa a tantance.

DubaGari_Tsoho:
Malama, da girmamawa, lissafin nan uku suna yaudara. Murfin kwalba mai tsutsa biyu da duro mai ɗari biyar duk "mazubi ɗaya" ne a fom. Sai a kwashe yini ana tsintar ledar ruwa a ce lamba ta sauka, duron na nan. Gara a ƙirga waɗanda suka kusa tashi, masu dunƙulallen kai kamar waƙafi, a ga wane irin mazubi ne ke fitar da mafi yawansu. Sau da yawa iri biyu ne ko uku a unguwa: duro, randar da aka binne, da tayoyin masu faci. A kama waɗannan.

Malamar_Ƙwari:
Ban musa ba, Baba. Ƙirgar da ka faɗa ta fi nuna gaskiya, sai dai tana cin lokaci da ma'aikata. A makon farko na annoba ni da lissafi mai rauni gara da babu.

Ɗan_Unguwa_Sani:
Duk wannan dogon turanci ne. Me ya sa gwamnati ba za ta fito da motar feshi ta zagaye gari ba? Mutane in sun ga hayaƙi hankalinsu ke kwanciya.

Malamar_Ƙwari:
Kwanciyar hankalin ce matsalar, Malam Sani. Hayaƙi yana kashe sauron da ke tashi a daidai lokacin ne kawai. Bai taɓa ƙwai, bai taɓa tsutsa. Kwana biyu sababbi sun fito. Shi kuma wannan sauron cikin ɗaki yake hutawa, ƙarƙashin gado, bayan labule, jikin kayan da aka rataye, galibi ƙasa da mita ɗaya da rabi. Mota ta wuce a titi, matan gida sun rufe taga saboda wari, gidajenmu ga katanga ga zaure, hayaƙin bai kai ko tsakar gida ba.

In za a yi, a yi shi da ƙa'ida: da sassafe ko da yamma lokacin da yake tashi, ba iska mai ƙarfi, ƙofa da taga a buɗe, a rufe abinci da ruwan sha, a kawar da kaji. A maimaita duk kwana 2 zuwa 3 har kwana 10. Feshi ɗaya na ranar da 'yan jarida suka zo asarar mai ne. Kafin nan a gwada ko maganin na kashe sauron yankin, domin a wurare da yawa a Afirka ta Yamma ya fara jure wa irin maganin da ke jikin gidan sauro. Feshin bango daga ƙasa zuwa mita ɗaya da rabi da ƙarƙashin kaya ya fi daɗewa yana aiki.

Fiya-fiya da ake haɗawa a kwalba kuwa a rabu da ita. Guba ce, yara take fara kwantarwa.

Hajiya_Ummi:
Ku yi mana bayanin da mace za ta iya yi a gida. Ruwan nan sayensa ake yi, ba wadda za ta zubar da duro guda saboda tsutsa. Randa kuma an binne gindinta, ba ta juyuwa. Muna rufewa da faifai.

DubaGari_Tsoho:
Gaskiya kika faɗa Hajiya, duk jami'in da ya ce a zubar ba za a sake buɗe masa ƙofa ba. Ba sai an zubar ba. A ware rana ɗaya a mako, ranar da ruwan ya yi ƙasa. A tace sauran da kyalle mai tsafta zuwa bokiti, abin da ya tsaya a kyallen a zube shi a busasshiyar ƙasa cikin rana, ba a kwata ba. Sannan a sa soso ko buroshi a goge cikin mazubin da ƙarfi, musamman zoben da ruwa ke tsayawa da ƙarƙashin baki. Ɗauraya kaɗai ba ta cire ƙwai. Randa ta fi wuya saboda cikinta kaushi ne, ita sai an dage. A kwashe ruwan wankin da kofi da tsumma tunda ba ta juyuwa.

Faifai yana hana ƙura, ba ya hana sauro, akwai kafa ta gefe. A ɗaure bakin da kyalle ko guntun tsohon gidan sauro da aka wanke, a zagaye da robar tayar keke, sannan faifai a sama. Kyallen kada ya taɓa ruwa. Bututun iska da na ambaliya na tankin sama a ɗaure musu raga. Kaskon kaji da tiren bayan firiji duk mako. Taya a huda ta ko a cika da ƙasa ko a sa ta ƙarƙashin rumfa.

Manyan mazubai da ba a iya wankewa, ma'aikata na sa maganin kashe tsutsa, temefos mai kamar yashi, na kashi 1 cikin ɗari: giram 1 a lita 10, wato giram 20 a duron lita 200. A ƙulle shi a ɗan kyalle a jefa, don kada ya tafi da ruwan wanki. Yana kai wata biyu zuwa uku. A wannan ma'aunin an amince da shi a ruwan sha, amma aikin ma'aikaci ne, ba na kowa ya auna da ido ba. Kuma sai an bi ta hannun mai unguwa da liman, in ba haka ba ranar za a ce an zuba wa mutane wani abu a ruwa.

Abu_Hanifa_Jos:
Ni na ji an ce wanda ya yi allurar shawara ya tsira daga dengi tunda sauro ɗaya ne.

Anti_Rigakafi:
A'a ɗana. Sauro ɗaya, cuta biyu. Allurar shawara shawara kawai take karewa, sau ɗaya ake yi har ƙarshen rayuwa, kuma tun Yulin 2016 dokar lafiya ta duniya ta daina neman sabuntawa bayan shekara goma. A Najeriya tana cikin rigakafin yara a wata 9, gangami kuma yakan ɗauki wata 9 zuwa shekara 44. Kariya tana kamawa daga kwana 10. In an haɗa kwalbar da ruwanta, bayan awa 6 a zubar da saura. Masu sayen katin rawaya ba tare da allura ba kansu suke cuta.

Na dengi daban ne. Akwai Qdenga, allura biyu tsakaninsu wata uku, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yi wa 'yan shekara 6 zuwa 16 a inda cutar ta yi katutu. Brazil ta fara a 2024. Ba ya cikin jadawalinmu. Kafin ƙasa ta ɗauka sai ta san yawan waɗanda suka taɓa kamuwa, abin da ya dawo da mu maganar gwaji. Dalilin taka-tsantsan: kamuwa da iri ɗaya na kare mutum daga shi kaɗai, in wani irin ya kama shi daga baya haɗarin tsanani ya fi. Allurar dengi da aka fara fitarwa, Dengvaxia, ta jawo rikici a Filifin a 2017 a kan haka, da aka gano tana ƙara haɗari ga wanda bai taɓa kamuwa ba.

Hajiya_Ummi:
Ganyen gwanda fa? Ana ta turowa a WhatsApp.

LikitanYara_KD:
Hajiya, ba a tabbatar yana hana cutar tsanani ba, kuma adadin ƙwayoyin daskarar da jini ba shi ne abin da ke kisa ba, zurarewar ruwa ce. Tsorona kada a zauna ana dafa ganye a kwana na huɗu. Ruwan gishiri da sukari, kunu, ruwan kwakwa, miya, a tabbata ana fitsari aƙalla duk awa 6.

Nas_Balki:
To na koma kan maganata ta farko. Gidan sauron ba shi da wani gurbi ke nan a dengi?

Malamar_Ƙwari:
Yana da shi, sai dai a juye. Marar lafiyar ake sakawa a ciki, dare da rana, har zazzaɓi ya sauka da kwana biyu, don kada sauron gidan ya ɗauka daga jikinsa. A asibiti ma haka, ɗakin kwanciya marar raga wurin rarraba cuta ne, a fara duba duron asibitin kafin na maƙwabta. Jarirai da tsofaffi masu barcin rana su ma a sa musu. Sauran mutane doguwar riga da man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET, ban da jaririn da bai kai wata biyu ba. Wani abin lura: sauron maleriya na Asiya, Anopheles stephensi, da aka gano a Gombe a 2020, shi ma a tanki da duro yake haihuwa. Aikin mazubi zai amfani ɓangaren maleriya, ya kamata su sa kuɗi a ciki.

Ɗan_Lab_Gusau:
Ni har yanzu ina ganin a raba tsinken NS1 ga ƙananan asibitoci kamar na maleriya. Minti 15 zuwa 20 an gani. In babu shi, duk abin da aka faɗa a sama zargi ne.

SaIdo_Ƙaramar_Hukuma:
Ban yarda a watsa shi ko'ina ba. Ingancinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, zafin sito yana lalata shi, kuma a kamuwa ta biyu yakan kasa nunawa, wato ga wanda ya fi haɗari. Nas ta ga layi ɗaya ta sallami mutum. Gara a zaɓi asibiti biyu ko uku a kowace jiha, su riƙa gwada wani kaso na masu zazzaɓin da maleriya ba ta nuna ba duk mako, rani da damina, suna tura wasu PCR.

Ɗan_Lab_Gusau:
Wanda ke ƙauye mai nisan kilomita 80 daga asibitin da aka zaɓa fa, Yallaɓai? Kuma kuɗin motar kai samfuri daga aljihun wa zai fito, tunda mun san yadda ake yi da DSNO?

MaiKemis_Tudunwada:
Kafin ku gama wannan, ku taimaka da abu ɗaya. Mafi yawan masu zazzaɓi wurinmu suke fara zuwa, ba asibiti ba. In na ga uku daga gida ɗaya, ni ma zan iya cika 001A ɗin, ko sai na bi ta hannun asibitin unguwa?